Taransiba Tamanin a Aljihun Jins

Duk wanda ya taɓa aika kaya Kano daga Guangzhou ya san Alhaji Ilu Maidaji, in bai san fuskarsa ba ya san ɗaurinsa. Mutumin nan idan ya ɗaure dilar wandunan jins, sai ka rantse dutse ne aka sa wa buhu. Shekara goma sha huɗu yana zirga-zirga tsakanin masana'antun Xintang da sitocin kargo na Baiyun, ba a taɓa cewa kayansa sun jiƙe ko an zare wani abu a ciki ba. Yana da karatu guda da yake biya wa duk baƙon da ya sauka a hannunsa, wai kwali abokin gabar ɗan kasuwa ne. Kwali nauyi, kwali cin wuri, kuma kwali shi ke gaya wa ɓarawon hanya abin da ke ciki. Agogo ne, waya ce, turare ne, in dai ƙarami ne mai daraja, Alhaji Ilu zai zare shi daga kwalinsa ya cusa a aljihun wando, ya ninke wandon, ya sa a tsakiyar dila, a matse da inji. Kowa haka yake yi, amma a wurinsa aka koya.

To, wannan gwanintar ce ta kai shi ƙasa ranar wata Talata, kuma ba a kan kayan kowa ba sai na 'yarsa.

Saffana ce 'yarsa ta fari. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa ba ya kiranta sai da Mamana. Tana da shekara goma sha biyu ya taho China, don haka a waya ta girma a gabansa, a waya ya ji ta gama jami'a, a waya ya ji ta zama injiniya. Abin da ke cin ransa, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba, shi ne yarinyar nan ba ta taɓa roƙonsa komai ba. Ƙannenta kullum cikin aiko hoton takalmi da jaka suke, ita kuwa sai gaisuwa da addu'a.

Sai ga shi rannan ta kira. Kamfanin da take aiki a Kano ya gina wani ɗaki mai sanyi, cike da manyan na'urori, inda asibitoci da ƙananan bankuna za su riƙa ajiye bayanansu. An riga an sa ranar kunnawa, Asabar, a gaban masu ba da aikin. Komai ya zauna sai abu ɗaya, wasu 'yan ƙarafa da ake kira taransiba.

"Kamar abin yankan farce suke, Baba," in ji ta. "A jikin na'ura ake cusa su. Kowanne yana da ɗan idon gilashi, yana harba haske ta cikin wani siririn zare zuwa na'urar da ke gefe. Ba sa kai haske nesa, iyakarsu cikin ɗakin, amma in babu su na'urorin ba za su yi magana da juna ba. Mai kawo mana kaya ya ce sai mako shida. Ni kuma na miƙe a gaban taro na ce mahaifina yana China, mako biyu ya ishe ni."

Shugabanta, Injiniya Lukman, ya dube ta ya ce to, ta sa hannu a takarda. In Asabar ta zo ɗakin bai tashi ba, wanda sunansa ke kan takardar shi zai bar kujerarsa. Ta sa hannu. Guda tamanin take so, saba'in da biyu na aiki, takwas na ko-ta-kwana.

Wallahi ranar Alhaji Ilu kamar an yi masa bushara da kujerar Makka. Ya bar odar jins ɗinsa a Xintang, ya bi adireshin da ta turo har wata ƙaramar masana'anta a hawa na shida, wurin wata mata mai gilashi, Madam Lin. Kwana takwas aka yi ana haɗa su daidai da irin na'urorin Saffana. Ranar Litinin aka miƙa masa kwali huɗu, kowanne da hoton kwamfuta ɓaro-ɓaro a jiki, ciki kuma faranta na roba, kowane ƙarfe kwance a gurbinsa cikin leda mai ruwan azurfa.

Yana cikin mota saƙon murya ya shigo. "Baba, don Allah kada a buɗe kwalayen. Yadda aka ba ka, haka za a aiko."

Ya saurara har sau biyu, ya yi dariya. Ji yarinya! Shi da ya yi mata huɗuba a kunne, shi za a koya wa aika kaya? Kwali huɗu da hoton kwamfuta, ai kafin su isa Kano wani ɗan hanya ya yi musu rajista. Don tsabar ƙauna, da hannunsa ya zauna a siton kargo ya zare su ɗaya bayan ɗaya daga ledojinsu, ya cusa kowanne a aljihun sabon wando, wando tamanin, ya jera a tsakiyar dila, ya tsaya a kan mai inji har aka matse ta yadda yake so. Ya tafi gida yana jin ya yi wa Mamana abin da babu uban da zai iya.

Washegari Talata, wajen sha ɗaya na safe, yana zaune a siton yana shan shayi da mai wurin, Abdulgani, mutumin Maraɗi, sai ga Madam Lin ta shigo da ambulan a hannu. Takardun gwaji ta manta ba ta sa a kwali ba, ta biyo shi da su. Ta yi sallama irin tasu tana murmushi, sai idonta ya sauka a bakin ƙofa, inda aka tara shara. Ga farantanta na roba, ga ledojin azurfa a yayyage.

Murmushin ya ɗauke. Ta tsuguna ta ɗauki faranti ɗaya, ta juya shi, babu komai.

"Lawban," ta ce, wato maigida, "ina kayan?"

Alhaji Ilu ya nuna dilar da alfahari, har da ɗan bubbuga ta.

Matar nan ta saki wata ƙara da ta sa masu ɗaukar kaya suka tsaya cak. Ta riƙa zuba Sinanci kamar an ɓalle famfo, sai da ta ga ba ya fahimta ta fizgo wayarta ta yi magana a ciki, wayar ta fassara da sanyin murya: idon abin ya fi gashin kai siranta, ƙura ɗaya tana makantar da shi. Yadi yana tara wata wuta da ke ƙona cikinsa. Nauyi yana fasa shi. Wane ne ya yi wannan aika-aikar?

Gaban Alhaji Ilu ya faɗi. Kofin shayin ya ajiye a ƙasa.

"Abdulgani, ƙarfe nawa motar filin jirgi za ta tashi?"

"Biyar daidai, Alhaji. Kuma ka san gobe hutunsu na Oktoba ya shiga. In ba ta yau ba, sai bayan mako guda."

Bayan mako guda! Asabar saura kwana huɗu.

"Kawo wuƙa."

Shi da bai taɓa kwance ɗaurinsa ba, yau shi ne ya durƙusa ya tsarge igiyoyin da kansa. Dilar ta buɗe, wanduna suka bazu a ƙasa. Ya bi su da rarrafe yana laluben aljihu, Abdulgani yana taya shi, Madam Lin tana karɓa da tafin hannu biyu tana sa wa a faranti. Abin da suka gani bai yi kyau ba. Kowane ƙarfe yana da ɗan murfin roba baƙi da ke toshe idonsa, to matsin inji ya tumɓuke fiye da rabinsu. Bakin ramukan duk ya yi shuɗi-shuɗi da burbushin jins. Wasu ma 'yan hannuwansu sun lanƙwashe.

"Sababbi," in ji Alhaji Ilu. "A ba ni sababbi. Yanzu."

"Meyo," in ji Madam Lin. Babu.

Wannan kalma ya ji ta sau dubu a kasuwannin garin nan, kullum dariya take ba shi, don ya san in ya matsa akwai. Yau ya dubi fuskar matar ya gane babu ɗin gaske ne. Ya riƙe gefen teburi ya ce mata cikin guntun Turancinsa, "Na 'yata ne. Aikinta. Za a kore ta." Bai san ya ƙara da Hausa ba: "Ki rufa mini asiri, baiwar Allah."

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta dubi agogonta. Ita ma jirgin ƙasa take da shi da yamma, za ta garinsu wurin iyayenta. Ta ja tsaki, ta ɗauki farantan ta ce ya biyo ta.

Hanyar da ake yi a minti arba'in, sai da suka yi awa ɗaya da rabi, don duk garin ya fito da akwatuna zai tafi hutu. Tana tuƙi tana kiran wasu masana'antu, uku ta kira, kowa ya kulle ya tafi. Shi kuma yana zaune da faranta a cinya kamar mai riƙon jariri, bakinsa bai daina Hasbunallahu ba. Wayarsa ta yi ƙara, saƙon Saffana ne: "Baba, ina kwana. Yau ne ko?" Ya kife wayar.

Masana'antar fayau, ma'aikata duk sun watse. Madam Lin ta sa ya cire hularsa ya sa wata ta leda, ta ba shi farar riga da ba ta kai masa ciki ba, ta ɗaura masa wata igiya a wuyan hannu don kada wutar jikinsa ta ƙona kayan. Da a ce 'yan kasuwar Kano sun ga Alhaji Ilu Maidaji a wannan shiga, da an samu abin hira na shekara. Ta ɗauki ƙarfe ɗaya ta cusa masa madubin ƙara girma, hoton ya fito a allo.

Wata farar da'ira ce, a tsakiyarta ga wani abu shuɗi kwance, kauri kamar igiyar guga.

"Mene ne wannan?"

Ta kama ƙafar wandon da ya maƙale a kafaɗarsa tun daga sito, ta girgiza masa a fuska.

Zaren jins ɗinsa ne. Sili ɗaya, wanda ko a ido ya faɗa maka ba lallai ka ji ba. Alhaji Ilu ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin kunyar da bai ji ba tun yana yaro.

Ta nuna masa aikin. Wani abu ne kamar biro, a cusa bakinsa a ramin, a danna har ya ce ƙyas, a duba allo, in da saura a sake. In ya fita, ya miƙa mata, ita kuma ta cusa a na'urar gwaji ta jira. In fitilar na'urar ta nuna kore, ya tsira. Ja, ya mutu.

Kai, jama'a! Yatsun da suka saba da igiyar dila da almakashin yadi, yau su ne a kan abin da numfashi ma ɓata shi yake. Na farko ya danna da ƙarfi irin nasa, Madam Lin ta buge masa hannu kamar ɗan makaranta. Ta nuna allo: ya karce gilashin, wannan ya tafi ke nan. Na biyu ma haka. Ya ajiye biron, ya goge gumi da hannun riga, ya ce a ransa, Ilu, za ka kashe yarinyar nan da hannunka sau biyu? Ya sake ɗauka a hankali, yana riƙe numfashi.

Na uku ya ba da kore. Har ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi, matar ta ɗago ta harare shi.

Haka suka yi ta yi, ba a jin komai sai ƙyas, ƙyas, da ƙugin na'ura. Faranti biyu ta ajiye, na dama na masu rai, na hagu na matattu. Duk sanda fitila ta yi ja sai ya ji kamar an zare masa haƙarƙari. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne waɗanda suka fita tas a allo, ido fari sol, amma aka cusa su suka ƙi tashi. Waɗannan, in ji wayar Madam Lin, cikinsu ne ya ƙone ko ya tsage, babu biron da zai gyara su.

Azahar ya yi ta a tsaye-tsaye a baranda kan wani kwali, bai ma san surar da ya karanta ba. A sujada ya daɗe. Bai roƙi komai ba sai saba'in da biyu. Ya Allah, saba'in da biyu, ko na ko-ta-kwanan ba na so.

Da ya dawo ya fara lissafi da ido, abin da bai kamata ya yi ba. Matattu tara. In sun wuce takwas an gama, kuma sun riga sun wuce. Duk da haka bai tsaya ba, ya ce a sake gwada na hagun, wataƙila na'urar ce ta yi kuskure. Ta sake gwada uku don ta rabu da shi. Ja, ja, ja. Ya ce a buɗe su a gyara, ta ce ba a buɗewa. Ya ce ta cire na cikin na'urar gwajinta ta ba shi, ta ce guda biyu ne, kuma ba irinsu ba ne. Sai ya ci gaba da danna biro, hawaye na taruwa a idonsa har allon ya riƙa yi masa hazo.

Uku da rabi suka gama. Hamsin da ɗaya a dama, ashirin da tara a hagu.

Madam Lin ta rufe masu ran da sababbin murafu, ta sa a sababbin ledoji, ta liƙe kwali da hannunta. Matattun ta zuba a wani kwali daban ta yi masa jan gicciye. Ta raka shi har bakin titi ta tsayar masa da tasi. Ya ce mata shiye-shiye, na gode, ta ɗaga hannu kawai ta juya da gudu, don ita ma ta kusa makara.

Biyar saura kwata ya faɗo siton Abdulgani. Mota na tsaye, ana loda na ƙarshe. Abdulgani ya karɓi kwalayen biyu, ya ji yadda aka ƙare, ya ja shi gefe ya rage murya, da ɗan Faransancinsu na Nijar a baki.

"Bon, Alhaji, ka saurare ni. A cire jan gicciyen nan, a haɗa su duka tamanin a aika. In sun isa wasu sun ƙi aiki, kayan China ne, wa bai san halinsu ba? Kullum haka ake cewa, kuma kullum ana yarda. Kai ka fita, yarinya ba ta san komai ba."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige shi. Ta shige shi sosai. Ya tsaya da hannu a kan kwalin yana jin daɗinta, don ita ce kaɗai hanyar da zai ci gaba da zama uban da aka miƙe a gaban taro aka yi alfahari da shi. Sai kuma ya hango Asabar: Mamana tsaye a ɗakin nan mai sanyi, manyan mutane a bayanta, tana cusa ƙarfe bayan ƙarfe yana ƙin tashi, ba ta san dalili ba, tana neman laifin a jikinta. In ya faɗa mata yau, aƙalla tana da kwana huɗu ta san inda za ta sa kanta.

"Masu kyan kaɗai za a aika," ya ce. "Kuma kada wanda ya taɓa kwalin nan."

Ya fita bayan siton, inda ake tara katakon lodi, ya danna lambarta. A Kano lokacin goma na safe bai ƙarasa ba. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"Baba! Sun tashi?"

"Mamana, kina ina?"

"Ina ofis. Lafiya, Baba? Muryarka..."

Ya faɗa mata. Bai rage komai ba, aljihu, inji, zaren, biyun da ya karce da hannunsa. Hamsin da ɗaya ne za su iso ranar Juma'a.

Ya duba wayar ko layin ya yanke. Yana jin ƙarar na'urar sanyaya ɗaki daga can.

"Hamsin da ɗaya," ta ce a hankali. "Ba za su tashi ɗakin ba. Ashirin da ɗaya babu." Sai ta ƙara da cewa, "Baba, saƙona bai shigo ba ne? Na ce kada a buɗe."

Ga ƙofa ta buɗe masa, da hannunta. Sabis ɗin ƙasar nan kullum cikin cinye saƙo yake, ita ma ta sani, kuma ya ji a muryarta so take ya ce bai shigo ba.

"Ya shigo," in ji Alhaji Ilu. "Sau biyu na saurara. Na ga kamar na fi ki sanin kaya."

Ya ji ta ja numfashi, irin na mai danne kuka. Da ta yi masa faɗa, da ta ce Baba ka cuce ni, wallahi da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba.

"Shi ke nan, Baba. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bari in shiga wurin Injiniya Lukman tun bai fita ba."

"Ki gaya masa ni ne. Ki ba shi waya in yi masa bayani da bakina. Ki ce wani tsohon banza ne ya..."

"Zan ce masa ni ce ban yi wa mai aiko kayan bayani ba."

"A'a! Kin yi bayani! Mamana, kin yi, ina da saƙon a wayata, zan tura masa yanzun nan. In kika ce ke ce, korar ki zai yi!"

"Na sani."

"To don me? Don Allah, don Annabi, ki ce ni ne!"

"Baba," ta ce, yanzu kukan ya fito fili, "in tsaya a gaban mutane in ce ubana ne? Ba zan iya ba. Kada ka tura masa komai, in ka tura ban yafe ba. Ka ci abinci, na ji muryarka ba ka ci komai ba."

Ta kashe wayar.

Ya sake kira, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ya sake, ya sake. A gaban siton motar kargo ta tayar, ta fice da kwali ɗaya a cikinta. Alhaji Ilu ya zauna a kan katakon lodi, ya kifa fuskarsa a tafin hannu, ya yi kuka mai sauti, Abdulgani ya kori masu ɗaukar kaya daga wurin don kada su gani.